Difloma Ta Bayan Digiri Da Ajin Manya: Sharhi A Kan Manhajar Horar Da Malamai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan sharhi ita ce a dubi manhajar difloma ta koyarwa ta bayan digiri, wadda aka fi sani da PGDE, ta fuskar irin shirin da take yi wa malamin da zai tsinci kansa a gaban manyan mutane. Da ilimin manya ana nufin azuzuwan yaƙi da jahilci da na gaba da su, da cibiyoyin ci gaba da karatu, da cibiyoyin mata, da makarantun koyon sana'a, har ma da azuzuwan yamma da na ƙarshen mako na kwalejojin kimiyya da fasaha. Abin da sharhin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an gina manhajar ne da ɗan sakandare a zuci, an kuma gina ta a kan Ingilishi, alhali kuwa ɗalibin da ke zaune a ajin manya a yawancin jihohin Arewa, da zangunan Hausawa na Kudu irin su Sabo a Ibadan da Agege a Legas, magidanci ne ko matar aure, kuma da Hausa ake yi masa bayani. Duk da cewa misalan da za a kawo na Hausa ne, matsalar ta shafi Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci daidai gwargwado.

2.0 Abin Da Manhajar Ta Ƙunsa

Difloma ce ta shekara guda ko ɗan fiye da haka, wadda tsangayoyin ilimi na jami'o'i suke gudanarwa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ita ma ta shiga gudanar da ita ta hanyar karatu daga nesa tun tsakiyar shekarun 2000. An tanade ta ne domin masu digiri da masu babbar difloma waɗanda ba su karanci fannin ilimi ba, amma suna koyarwa ko suna niyyar koyarwa. Darajarta ta ƙaru ne sakamakon kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, da dokar soja mai lamba 31 ta 1993, domin mai digirin kimiyyar haɗa sinadarai ko na tattalin arziki ba shi da wata ƙofa mai sauƙi ta zama malami mai rajista in ba ita ba. Haka kuma, Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta buƙaci malaman manyan makarantu su ma su sami horo a kan dabarun koyarwa, wanda ya sa malaman kwalejoji da yawa suka nemi wannan takarda.

Kwasa-kwasan sukan ɗan bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, amma ginshiƙansu ɗaya ne. Akwai tarihin ilimi da falsafarsa, da ilimin zamantakewa, da ilimin halayyar ɗan'adam, da tsara manhaja, da auna fahimta, da gudanar da makaranta, da shawara da jagoranci, da dabarun bincike da ƙididdiga. Sai kuma dabarun koyarwa na bai ɗaya da na darasin da mutum ya ƙware a kai, da gwajin koyarwa, da kundin kammalawa. A wasu wuraren akan sami kwas guda a kan ilimin manya, wanda galibi yake ƙarewa a kan ma'anar kalmomi da tarihin hukumomi.

Adalci ne a faɗi cewa manhajar ta yi aikin da aka ɗora mata. Ta fitar da dubban masu digiri daga koyarwar "yadda aka koya mini haka zan koyar", ta sanar da su tsara darasi da shirya jarrabawa da fahimtar cewa sanin abu daban, iya isar da shi daban. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

3.0 Wane Ne Ɗalibin?

Idan aka bi kwas ɗin ilimin halayyar ɗan'adam, za a tarar kusan dukkansa a kan matakan girman yaro yake, tun daga goyo har zuwa balaga, tare da ra'in Piaget da makamantansa. Daga balaga sai littafi ya ƙare, kamar dai mutum yana daina koyo ne ranar da gemu ya fito masa. Kwas ɗin sarrafa aji kuwa ya ta'allaƙa ne a kan ladabtarwa da kiran suna da hana surutu. Duk wannan yana ɗauka cewa ɗalibi tilas ce ta kawo shi, kuma gobe ma tilas za ta dawo da shi.

Ɗalibin ajin manya da ƙafarsa ya zo, da ita kuma zai koma in bai ga amfani ba, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Ya bar rumfa ko gona ko girki ya zo. Yana da abin da ya kawo shi, kuma abin takamaimai ne: yana so ya karanta saƙon waya ba tare da ɗansa ya san sirrinsa ba, ko ya daina dangwala yatsa a banki, ko ta iya duba katin asibiti da rubuta bashin da ta bayar. Malcolm Knowles ya yi bayanin irin waɗannan bambance-bambance a Amurka tun a littafinsa na 1970, kuma ɗaliban PGDE sukan haddace sunansa domin jarrabawa. Sai dai abin da ba a tattaunawa shi ne yadda al'amarin yake a zaure ko a tsakar gida a ƙasar Hausa.

Ga misali. Malami ɗan shekara ashirin da biyar yana gaban dattijon da sai dai ya kira shi Baba ko Malam, ko macen da sai dai ya ce mata Hajiya ko Inna. Dabarar "tashi ka maimaita", wadda ita ce abincin yau da kullum a sakandare, a nan tozarci ce, musamman idan surukin dattijon ko yaron shagonsa yana cikin ajin kuma ya fi shi saurin ganewa. Aiki mai sauƙi irin na cewa kowace mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari domin a rubuta a allo zai iya tsayar da aji cik, saboda alkunya. Malamin da bai san haka ba zai rubuta a rahotonsa cewa ɗalibai ba sa ba da haɗin kai. Ga kuma matsalar ido, wadda kan fara damun mutum bayan shekara arba'in, ta sa a zaci dattijo ba ya ganewa alhali ƙananan baƙaƙe ne ba ya gani, balle a ajin dare mai fitila guda. Kalandar karatu ma haka. Zangon sakandare ba ruwansa da damina ko kaka ko ranar kasuwa, amma ajin ƙauye yana watsewa ne da saukar ruwan shuka, ya sake raguwa lokacin girbi, ya canza lokaci a watan azumi.

Lissafi ya fi kowane darasi fito da wannan giɓi. Matar da take riƙe da adashin mutum talatin, ko ɗan kasuwar da yake mayar da buhu zuwa tiya da mudu a ka, ya fitar da ribarsa kafin mai na'ura ya gama latsawa, ba lissafi suka zo koyo ba. Yadda ake rubuta shi suka zo koyo. Mai cewa "ɗari biyar ba hamsin" ya riga ya yi ɗebewa a cikin maganarsa, abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa 450 ake rubutawa. Malamin da aka horar da shi a kan fara wa yara da ƙirga tsakuwa zai ɓata makonni yana koya wa mutane abin da suka fi shi sani, kuma za su gane haka tun kafin shi ya gane.

Ana iya cewa ai ba mai PGDE ne yake koyarwa a ajin yaƙi da jahilci ba, malaman wucin-gadi ne masu ƙaramar takarda, waɗanda ake biya ɗan alawus. Haka ne a mafi yawan wurare. Amma wane ne yake horar da su, yake duba aikinsu, yake rubuta musu littafi da jagoran malami, yake shirya jarrabawar ƙarshe? Jami'an hukumomin ilimin manya ne na jihohi da na ƙananan hukumomi, kuma da yawansu wannan difloma ce kaɗai horon koyarwar da suka samu. Saboda haka, abin da manhajar ta tsallake ba a kan mutum ɗaya yake tsayawa ba, gangarawa yake yi zuwa duk azuzuwan da ke ƙarƙashinsa.

4.0 Matsalar Harshe

A nan ne babban raunin manhajar yake. Ana karantar da dukkan kwasa-kwasan da Ingilishi, ana rubuta tsarin darasi da shi, ana yin gwajin koyarwa da shi, ana rubuta kundi da shi. Wanda ya kammala yana iya jero matakan manufofin koyarwa na Bloom, amma ba a taɓa neman ya tsaya minti goma ya yi bayanin ma'anar kashi cikin ɗari, ko yadda sauro yake yaɗa zazzaɓi, da Hausa tsantsa ba. An ɗauka cewa duk wanda yake jin Hausa zai iya koyarwa da ita. Wannan zato ne da ba wanda zai yarda da shi game da Ingilishi, domin ba a taɓa ɗaukar mutum aikin koyar da Ingilishi don kawai yana jin sa ba.

Mu ɗauki ƙa'idojin rubutu. Rubutun Hausa na boko yana da tarihin daidaitawa mai tsawo, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966, zuwa taron Yamai na 1980. Mai digirin da rabonsa da darasin Hausa tun ƙaramar sakandare, in ma ya taɓa yi, bai san da wannan ba. Zai rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi", ya haɗa kalmomin da ake rabawa, ya raba waɗanda ake haɗawa. Wanda ya daɗe da iya karatu yakan gane abin da ake nufi daga zubin jimla. Sabon mai karatu kuwa baƙi-baƙi yake bi, kuma idan ya haɗa sautukan suka ba shi kalmar da ba ta dace da wurin ba, kansa zai zarga, ba malamin ba. Daɗin daɗawa, rubutun boko ba ya nuna tsayin wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a takarda. Malamin da ya san haka zai kauce wa irin waɗannan kalmomi a darussan farko, ko ya sa su a jimlar da za ta fayyace su. Wanda bai sani ba zai rubuta kalmar ita kaɗai a allo, ya yi ta mamakin yadda aji ya rabu biyu.

Abin takaicin shi ne, Hausa tana daga cikin harsunan da suka fi sauƙin koyar da karatu, in an san hanya. Gaɓarta iri uku ce kacal: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Wannan ya sa dabarar da Paulo Freire ya yi amfani da ita a garin Angicos na ƙasar Burazil a 1963, inda aka koya wa mutane kimanin 300 karatu cikin sa'o'i arba'in, ta dace da ita matuƙa. Dabarar ita ce a zaɓi kalma daga rayuwar mutane, a tattauna a kanta, sannan a farfasa ta gaɓa-gaɓa. A ɗauki kalmar "taki" a ajin manoma. Tattaunawa a kan farashinsa da wanda yake samu da wanda ba ya samu ba ta buƙatar a roƙi kowa ya yi magana. Daga nan sai a fitar da ta, te, ti, to, tu, da ka, ke, ki, ko, ku. Da waɗannan gaɓoɓi goma ɗalibi zai haɗa kaka, keke, koko, kuka, toka, tuta, titi, kati, katako, tun a zaman farko, ya koma gida da shaidar cewa ya karanta wani abu da kansa. Ana ambaton Freire a kwas ɗin falsafar ilimi, ana tambaya a kansa a jarrabawa, amma ɗalibin PGDE yakan fita bai taɓa farfasa kalmar Hausa ɗaya ta wannan hanya ba.

Ko waɗanda suka yi digiri a Hausa ba su tsira ba. Kwas ɗinsu na dabarun koyar da darasi ya dogara ne a kan manhajar jarrabawar kammala sakandare, wato nahawu da adabi da al'ada da insha'i da fassara. Koyar da nazarin harshe ga wanda ya iya karatu fanni ne daban, koyar da karatun kansa ga wanda bai taɓa riƙe fensir ba fanni ne daban. Na farkon kaɗai manhajar ta sani.

Sai batun keɓaɓɓun kalmomi. Malamin cibiyar koyon sana'a ko ta kiwon lafiya yana buƙatar kalmomin fanninsa da Hausa, in ba haka ba zai koma ga gwamutsa harsuna biyu, inda fi'ili yake na Hausa, duk wani suna mai muhimmanci kuma na Ingilishi. An yi aiki a wannan fage. Akwai ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na Hausa da ya fito a 1990 ƙarƙashin Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ga kuma kalmomin da kafofin watsa labarai suka daɗe suna yaɗawa. Amma ba wani kwas a manhajar da yake kai ɗalibi ga waɗannan ayyuka, balle ya koya masa yadda zai saurari kalmomin da makanikai da teloli da ungozomomi suka riga suka ƙirƙiro wa kansu.

Manufar harshe ta ƙasa ta sha sauyi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da janye wannan mataki. Ko ma yaya muhawarar firamare ta kaya, ba ta canza komai a ajin manya ba. Mutumin da yake zuwa aji 'yan sa'o'i a mako ba za a ɗora masa koyon sabon harshe da koyon karatu a lokaci guda ba. Mai son Ingilishi, kuma suna da yawa, zai fi saurin samun sa bayan ya iya karatu da harshen da yake tunani da shi. Majami'u a Filato da kudancin Kaduna da kudancin Bauci sun daɗe da fahimtar haka, domin tun bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 suke koyar da karatu da ita ga mutanen da ma ba harshensu na gado ba ne.

4.1 Ajami

Kalmar "jahilci" da ke cikin sunan yaƙin tana ɓoye wata gaskiya. Da yawa daga cikin mazauna ajin manya a ƙasar Hausa sun yi makarantar allo, sun wuce babbaƙu da farfaru, wasu sun sauke, wasu suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Irin wannan ɗalibi ya riga ya ƙetare tudun da ya fi kowanne wuya, wato gane cewa alama a takarda tana wakiltar sauti, kuma ana haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa. Ba ya buƙatar a fara masa daga tushe. Yana buƙatar a nuna masa cewa ba-guje ita ce "b", rufu'a ita ce "u", imala ita ce "e", wasali a boko a kan layi yake zama, kuma daga hagu ake farawa. Malamin da zai iya jera baƙaƙen biyu gefe da gefe a allo zai rage wa irin wannan ɗalibi watanni, ya kuma nuna masa cewa abin da ya zo da shi ilimi ne. Wannan girmamawar kaɗai tana riƙe mutum a aji.

Manhajar ba ta san da ajami ba sam. Mai PGDE wanda ya yi makarantar allo yana yaro zai iya amfani da abin da ya sani bisa raɗin kansa, amma ba a nuna masa cewa dabarar koyarwa ce ba, kuma mai duba shi ba zai ba shi maki a kai ba. Ko shi ma yana iya yin tuntuɓe idan bai lura da bambancin rubutun Warash, wanda ake ɗiga wa "fa" ɗigo a ƙasa, da rubutun da ake koyarwa a Islamiyyun zamani ba, alhali a aji ɗaya akan sami masu wannan da masu wancan.

5.0 Gwajin Koyarwa Da Abin Karantawa

Gwajin koyarwa shi ne wurin da ya kamata a gyara duk abin da aka rasa a lacca, amma sakandare ake tura kusan kowa, domin a nan ake da jadawali da shugaban makaranta da zai sa hannu, kuma da rana ake yi, lokacin da mai dubawa yake bakin aiki. Takardar ba da maki ma an tsara ta ne a kan darasin minti arba'in mai gabatarwa da matakai da tambayoyi da aikin gida. Malamin kwaleji da yake koyar da ma'aikata a ƙarshen mako, ko jami'ar cibiyar mata, sai su bar ainihin ajinsu su je su ari aji biyu na ƙaramar sakandare domin a ba su maki. An auna su ke nan a kan aikin da ba shi za su koma yi ba.

Akwai kuma wata fasaha da tarihi ya nuna muhimmancinta, wadda manhajar ba ta ko ambata ba, wato rubuta abin karantawa ga sabon mai karatu. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 a Jihar Arewa, wanda Malam Ahmadu Kumasi yana daga cikin jagororinsa, bai tsaya ga buɗe azuzuwa ba. Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, domin wanda ya koyi karatu ya sami abin da zai ci gaba da karantawa, har zuwa rufe ta a 1959. Masu wancan shiri sun san cewa karatun da ba a amfani da shi gudu yake yi. An sake yunƙurawa bayan haka: Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983, da gangamin ƙasa da Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar a 1982, da kafa Hukumar Ilimin Manya ta Ƙasa a 1990. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma adabin kasuwar Kano ya cike wani ɓangare na giɓin abin karantawa ba tare da wata hukuma ta shirya ba, kuma ɗaya daga cikin fitattun marubutansa, Balaraba Ramat Yakubu, ta ajin manya ta ci gaba da karatunta bayan an cire ta daga makaranta an yi mata aure. Amma tsakanin littafin farko da labari mai shafi ɗari akwai tazara. Wanda zai cike ta shi ne malamin da zai iya rubuta shafi guda a kan rigakafi ko awon ciki ko ajiyar hatsi, da gajerun jimloli da manyan baƙaƙe, ba tare da ya mayar da dattijo yaro ba. Ɗalibin PGDE yana kashe watanni a kan kundi mai babi biyar da jadawalin ƙididdiga, wanda ba ajin da zai taɓa amfana da shi. Da an ba shi zaɓin ya rubuta ƙaramin littafin karatu da Hausa, ya gwada shi a aji, ya gyara, ya kawo rahoton abin da ya gani, da an sami bincike na gaskiya da kuma littafi.

6.0 Hanzarin Masu Kare Manhajar

Hanzari na farko shi ne, akwai sassan ilimin manya a jami'o'i, irin na Ibadan wanda ya samo asali daga sashen karatun waje na 1949, da na Jami'ar Bayero, kuma wasunsu suna da difloma tasu ta bayan digiri, don haka mai son wannan fanni sai ya je can. Amsar ita ce, mutane suna bin takardar da aka fi sani ne a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma, wato PGDE, kuma galibi ba su san inda aiki zai kai su ba sai bayan sun gama. Ban da haka, su ma waɗancan sassa da Ingilishi suke horarwa, saboda haka matsalar harshe tana nan.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi. Shekara guda ba ta da yawa, kuma takarda ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda dole mai ita ya iya aiki da ita a Kalaba kamar yadda zai yi a Gusau. Wannan gaskiya ne, shi ya sa cusa ƙarin kwasa-kwasai a kan kowa ba mafita ba ce. A Ingila an raba hanya ne: akwai takardar koyarwa ta bayan digiri ta musamman ga masu koyar da waɗanda suka haura shekara goma sha shida da manya, kuma a kwalejojin da za su yi aiki suke gwajin koyarwarsu. A 2007 an wajabta wa malaman wannan ɓangare samun takardar ƙwarewa, a 2013 aka ɗage wajabcin, amma hanyar horon ta ci gaba da zama daban da ta makarantun yara. Ba sai an kwafo tsarinsu ba, domin su ba su da matsalar harshe irin tamu. Abin ɗauka kawai shi ne raba hanyar.

Ana iya barin zangon farko yadda yake ga kowa. A zango na biyu sai mai sha'awar ilimin manya ya ɗauki halayyar koyon manya a madadin wani ɓangare na halayyar yara, ya ɗauki koyar da karatu da lissafi da harshen ƙasa a madadin dabarun darasin sakandare, tare da ƙa'idojin rubutu da ajami ga masu Hausa, ya kuma yi gwajin koyarwarsa a ajin manya da harshen ajin. Wannan yana nufin sashen ilimi ya haɗa hannu da sashen harsunan Nijeriya, waɗanda sau da yawa a harabar jami'a ɗaya suke amma ba sa haɗuwa a kan manhaja. Yana kuma nufin a sami mai dubawa da yake jin harshen, wanda zai yarda ya fita bayan la'asar ko bayan isha'i, a kuma biya shi kuɗin wannan fita. Hukumar Rajistar Malamai, wadda ta fara jarrabawar ƙwarewa a 2017, ita ce za ta tabbatar da cewa wanda ya bi wannan hanya takardarsa daidai take da ta ɗan'uwansa wajen rajista da ɗaukar aiki, in ba haka ba ba wanda zai zaɓe ta. Cibiyar NTI kuwa, da yake tana da cibiyoyin karatu a jihohi kuma ɗalibanta ma'aikata ne masu zuwa a ƙarshen mako, ita ce ta fi dacewa da fara gwada shi, a jihohi biyu ko uku, kafin a shigar da shi cikin ma'aunin ƙasa.